Yadda Ake Shirya wa Gwajin Shiga Manyan Makarantun Kiɗa na Turai da Amurka

Makarantu irin su Juilliard da ke New York, da Curtis da ke Filadelfiya, da Royal Academy of Music da Royal College of Music da ke Landan, ba kyawun sakamakon sakandare ne ke shigar da mutum cikinsu ba. Takardu suna da nasu muhallin, amma abin da ke yanke hukunci shi ne minti goma zuwa ashirin da za ka yi a gaban malamai kana kaɗa kayanka ko kana rera waƙa. Curtis, alal misali, ɗalibanta gaba ɗaya ba su kai 200 ba, kuma tun 1928 ba a biyan kuɗin karatu a cikinta, saboda haka daga ko'ina a duniya ake yi mata rububi.

Malaman nan ba za su saurari kiɗanka daga farko har ƙarshe ba. Za su katse ka, su ce ka tsallaka wani wuri, su sake katse ka. Shi ya sa duk shirin da ke ƙasa ya karkata ga abu ɗaya: ka iya kaɗa abin da ka zaɓa daga kowane wuri aka ce ka ɗauko, a kan kayan da ba ka saba da shi ba, zuciyarka tana dukan uku-uku. Misalan sun fi shafar mai piyano, amma an taɓo mai biyolin (gogen Turawa) da mawaƙi inda hanyarsu ta bambanta.

Abubuwan da za ka tanada

Malami. Wanda ya san kiɗan gargajiyar Turai sosai, kuma ba ya jin nauyin gaya maka gaskiya. In babu shi a garinku, ka nemi darasi ta intanet ko da sau biyu a wata ne, ka riƙa aika masa bidiyon aikinka kwana biyu kafin darasin don kada lokacin ya ƙare wajen fama da sabis.

Kayan kiɗa. Mai piyano yana buƙatar maɓallai 88 masu nauyi da feda, wato abin takawa da ƙafa. Ƙaramin kibod mai maɓallai 61 marasa nauyi ba zai yi wannan aikin ba, domin yatsun da suka saba da shi sukan mutu a kan piyano na gaske tun ba a yi minti biyar ba. In na lantarki mai nauyi kawai ka samu, ka yi aikin yau da kullum a kansa, sannan ka nemi izini a wata majami'a ko makaranta mai piyano na katako ka riƙa zuwa sau ɗaya ko biyu a mako. Mai biyolin ya tanadi tsirkiya saiti biyu da ƙaron shafa wa bakan gogawa.

Takardun kiɗa na asali. Ka nemi bugun da ba a yi wa ƙari ba, irin na kamfanonin ɗab'i na Henle ko Bärenreiter. Tsofaffin bugu na kyauta da ke intanet suna taimakawa a farko, amma da yawansu editoci sun cusa musu alamomin da mai kiɗan bai rubuta ba, kuma malamai suna ganewa da kunne.

Ƙananan kaya: metronom, wato na'urar da ke ƙirga bugu (manhajar waya ta wadatar), waya mai kyamara mai kyau da abin kafa ta, makirfo na daban in da hali, fensir da littafin rubutu, fasfo mai sauran wa'adi, da katin banki da zai iya biyan kuɗin waje.

Lokaci. Wata goma sha biyu zuwa sha takwas. Wanda ya fara saura wata uku, sai dai ya je ya ga yadda ake yi.

Mataki na 1: Auna kanka, sannan ka zaɓi makarantu

Ma'aunin da aka fi ganewa shi ne jarrabawar kiɗa ta hukumar ABRSM ta Birtaniya, mai aji 1 zuwa 8. Aji na 8 shi ne bakin ƙofa. Waɗanda ake ɗauka a makarantun da aka fi rububi yawanci sun wuce nan da nisa. In ba ka kai ba tukuna, kada ka zubar da kuɗin neman shiga. Makarantar kiɗa ta MUSON da ke Onikan a Legas tana da difloma ta shekara biyu, ita ma da gwaji ake shiga, kuma tsani ce mai kyau kafin a tunkari waje.

Ka zaɓi makarantu huɗu zuwa shida: ɗaya ko biyu da suka fi ƙarfinka kaɗan, biyu daidai kai, ɗaya da kake da yaƙinin samu. Ka bi malami, kada ka bi suna kawai, domin mutum ɗaya ne zai zauna da kai awa guda kowane mako har shekara huɗu. Ka saurari kiɗansa da na ɗalibansa. Da yawansu suna karɓar darasin gwaji na awa ɗaya, a biya, wani lokaci ta intanet. Ka rubuta masa gajeriyar wasiƙa ka nema.

Daga nan sai kalanda, kuma nan ne mutane suka fi yin asarar shekara. A Birtaniya, yawancin makarantun ana neman su ta shafin UCAS Conservatoires, ana rufewa a farkon Oktoba, gwaji kuma a Nuwamba da Disamba, don karatun da zai fara a Satumban shekara mai zuwa. Makarantar Guildhall da ke Landan ita kai tsaye ake nemanta. A Amurka, makarantu da dama, har da Juilliard, suna rufewa ranar 1 ga Disamba, gwajin ido da ido kuma ya kama tsakanin Janairu da Maris. A Jamus akasarin makarantun gwamnati ba sa karɓar kuɗin karatu mai yawa, sai dai jihar Baden-Württemberg tana cajin 'yan ƙasashen da ba na Tarayyar Turai ba Yuro 1,500 kowane zango, kuma za a nemi shaidar iya Jamusanci. Babbar makarantar kiɗa ta Paris tana da iyakar shekarun haihuwa ga kowane kayan kiɗa, ka duba kafin ka sa rai.

Ka buɗe shafi ɗaya a littafinka ga kowace makaranta: ranar rufewa, kuɗin gwaji, kaɗe-kaɗen da ake so, ƙa'idar bidiyo, makin jarrabawar Ingilishi ta IELTS ko TOEFL da ake nema. Daga shafin makarantar na wannan shekarar za ka kwafo, ba daga bakin wanda ya nema shekara uku da suka wuce ba.

Mataki na 2: Zaɓen kaɗe-kaɗe

Abin da ake nema daga mai piyano kusan iri ɗaya ne a ko'ina: share fage da fuga (kiɗan da layukan sauti ke bin juna da jigo ɗaya) na Bach, sonata (dogon kiɗa mai kashi-kashi) cikakkiya ta Haydn, Mozart, Beethoven ko Schubert, babban aiki daga ƙarni na 19, irin na Chopin, Schumann, Brahms ko Liszt, atisayen gwaninta mai sauri, galibi na Chopin ko Liszt, sai wani aiki na ƙarni na 20 ko na yanzu. Wasu makarantun suna cire sonatoci biyu masu sauƙi na Beethoven masu lamba 49, ka karanta ƙananan rubutun da ke ƙasan jerin. Mai biyolin zai shirya kashi biyu mabambanta daga Bach na kaɗaici, kashin farko na babban konceto (kiɗan mutum ɗaya da rakiyar ƙungiyar makaɗa) tare da wurin nuna gwaninta, sau da yawa da kiɗan Paganini ɗaya da konceton Mozart. Mawaƙi zai kawo waƙoƙi uku zuwa biyar cikin harsuna daban-daban, Italiyanci da Ingilishi kusan dole, sai Jamusanci ko Faransanci.

Ka jera buƙatun makarantunka gefe da gefe, ka fitar da jeri ɗaya da zai gamsar da dukkansu. Shirya jeri biyu daban a shekara ɗaya raba ƙarfi ne.

Kuskuren da ya fi kowane yawa shi ne ɗaukar abin da ya fi ƙarfin mutum don a burge malamai. Ba sa burguwa. Sun ji wannan kiɗan sau ɗari a hannun ƙwararru, kuma cikin daƙiƙa talatin za su gane hannunka a ɗaure yake. Abin da suke nema shi ne sauti mai tsabta, bugu tsayayye, kunne mai ji, da alamar cewa in an koya maka za ka ɗauka. Sonatar Haydn da aka kaɗa da fahimta ta fi Liszt da aka yi wa kokawa. Ga hanyar aunawa: in bayan wata biyu kana aiki a kan kiɗa har yanzu ba ka iya bin sa daga farko zuwa ƙarshe a kashi uku cikin huɗu na gudunsa ba, ka ajiye shi, ba na bana ba ne.

Yana da kyau aƙalla biyu daga cikin jerin su zama tsofaffin hannu, waɗanda ka taɓa koya ka ajiye ka dawo musu. Kiɗan da aka koya sau biyu ya fi zama a jiki. Kuma ka ware wanda za ka buɗe da shi tun yanzu, domin makarantu da yawa suna barin ɗalibi ya zaɓi na farko. Ka ɗauki wanda farkonsa ba ya buƙatar yatsu masu ɗumi sosai, wanda kuma yake nuna kyawun sautinka tun daga layin farko.

Mawaƙa masu shekara 17 zuwa 20 su guji manyan waƙoƙin opera masu nauyi. Murya ba ta gama nuna ba a wannan shekarun, tilasta mata kuma yana iya yi mata lahanin da zai daɗe.

Mataki na 3: Aikin kullum

Awa uku zuwa huɗu a rana sun isa ga mai piyano ko biyolin, a raba su zama-zama na minti 45, da hutun minti 10 a tsakani. Mawaƙi kada ya wuce awa ɗaya da rabi zuwa biyu yana rerawa da cikakkiyar murya. Sauran lokacin ya tafi ga kalmomi da lafazi da karatun takarda.

Zaman farko na ɗumama hannu ne da sikel, wato hawa da saukar sautuka a jere. Na biyu na wurare masu wuya. Na uku na haɗa sassa. Na huɗu na hadda da bita.

Wuri mai wuya ga yadda ake cin sa. Ka zagaye shi da fensir, gaɓa biyu zuwa huɗu kawai (gaɓa ita ce abin da ke tsakanin layuka biyu na tsaye a takardar kiɗa). Ka yanke shawarar yatsan da zai danna kowane noti (sauti guda), ka rubuta, kada ka sake canzawa sai da dalili. Ka sa metronom a rabin gudun da ake so. Ka kaɗa sau biyar a jere babu kuskure, sannan ka ƙara bugu huɗu. In ka yi kuskure a na huɗu, lissafi ya koma ɗaya. In ka makale a wani gudu kwana uku, matsalar ba ta sauri ba ce, ko yatsan da ka zaɓa ne bai dace ba ko kuma wuyan hannunka ya sandare. Ka kai wa malami. Kullum ka haɗa da noti na farko na gaɓar da ke biye, domin a mahaɗa ake faɗuwa.

Abin da ba ya amfani shi ne komawa farkon kiɗa duk lokacin da ka yi tuntuɓe. Mai yin haka shafinsa na farko yana ƙyalli, na biyar kuwa rami ne, alhali malamai suna iya cewa a fara daga na biyar ɗin.

Ciwo ba alamar ƙwazo ba ne. Gajiyar tsoka takan wuce da hutu. Amma zafi mai suka a wuyan hannu ko gwiwar hannu, ko yatsu su riƙa mutuwa, wannan ka tsaya nan take, ka huta, in ya wuce kwana biyu ka ga likita. Yawanci yana zuwa ne idan mutum ya tashi daga awa biyu ya koma shida a mako ɗaya saboda gwaji ya matso. Ka riƙa ƙara minti 15 zuwa 20 a mako.

In wuta ta ɗauke kuma kayanka na lantarki ne, ranar ba ta lalace ba. Ka zauna da takarda, ka bi kiɗan a zuci noti bayan noti, ka rera layin hannun hagu da baki.

Mataki na 4: Hadda

Masu piyano da mawaƙa kusan ko'ina da ka ake so su yi, masu biyolin ma a yawancin jerin. Ka sa wa kanka wa'adi: wata uku kafin ɗaukar bidiyo, komai ya zama an haddace.

Haddar da yatsu suka yi da kansu saboda maimaici ita ce ta fi saurin zuwa, ita ce kuma ta fi saurin gudu idan tsoro ya shigo. Dole a tokare ta da wasu uku. Ta kunne: ka iya rera abin da ke zuwa kafin ka kaɗa shi. Ta ido: ka san inda kake a shafi. Ta hankali: ka san muryar da aka gina wannan sashen a kanta, wato sautin da yake komawa gare shi, inda ta sauya, da inda jigon ya dawo. A sonata, sashen farko yakan dawo a ƙarshe da ɗan bambanci kaɗan, wani ɓangarensa cikin wata murya daban. A wannan mararrabar ne ɗalibai suke ɓata, su koma farko suna zagaye. Ka ajiye wuraren biyu gefe da gefe, ka ja layi a daidai notin da hanya ta rabu, ka san shi kamar sunanka.

Sai tashoshi. Ka raba kowane kiɗa, duk gaɓa takwas zuwa sha shida ka sa lamba. Ka rubuta lambobin a ƙananan takardu ka zuba a kwano. Kowace rana ka zaro biyar, ka fara daga kowacce ba tare da leƙa takarda ba, cikin daƙiƙa uku. Amfaninsa biyu: in malami ya ce ka ɗauko daga tsakiya, kana da wurin kamawa, in kuma hadda ta kuɓuce maka ana cikin gwaji, sai ka tsallaka tashar gaba maimakon ka tsaya cak.

Gwaji mafi tsanani ga mai piyano shi ne kaɗa hannun hagu shi kaɗai da ka, da kuma kaɗa kiɗan duka a hankali ƙwarai, rabin gudu, ba takarda. A fugar Bach ka ƙara da kaɗa murya ɗaya kana rera wata. Duk inda ka kasa a nan, nan ne zai ba ka kunya a Landan.

Mataki na 5: Bidiyon tantancewa

Makarantu da dama sai sun ga bidiyo kafin su gayyace ka, wasu kuma suna karɓar bidiyo a madadin zuwa ga masu nisa. A wannan matakin ake zubar da mutane da yawa, don haka kada ka ɗauke shi ƙaramin abu.

Ƙa'idar da ta zama gama-gari: kowane kiɗa ko kashi a ɗauke shi a tashi ɗaya, babu yanka, babu gyaran sauti, kyamara a kafe wuri ɗaya. Mai piyano a ɗauke shi daga gefen dama, a ga fuska da hannuwa biyu da ƙafa a kan feda. Wayar a kwance, ba a tsaye ba.

Sauti ya fi hoto muhimmanci nesa ba kusa ba. Ka ajiye makirfo mita biyu zuwa uku daga kayan kiɗan. Ka kashe tsarin da ke daidaita ƙarfin sauti da kansa, domin yana ɗaga mai laushi ya danne mai ƙarfi, sai kiɗanka ya fito a shimfiɗe kamar ba ka san bambanci ba. Ka kaɗa wuri mafi ƙarfi a jerinka, ka saita ma'aunin ƙarfin sauti yadda ba zai kai jan layi ba. Ka kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki. In da janareta za a yi aiki, a ja shi nesa, ka ɗauki daƙiƙa goma na shiru ka saurara da abin kunne kafin ka fara. Ɗaki mai tayil da bango tsirara yana amsa kuwwa har notoci su cakuɗe. Darduma da labule suna gyara shi. Ka kira mai saita piyano kwana ɗaya ko biyu kafin ranar. In babu piyano na katako mai kyau a kusa, tafiya wani gari don ɗaukar bidiyon ta fi aika na lantarki, kuma wasu makarantun ma ba sa karɓar na lantarkin.

Ka ware kwana biyu ko uku na ɗauka, aƙalla mako uku kafin rufewa. Kowane kiɗa sau uku ya isa a zama ɗaya, bayan nan sai lalacewa. Kada ka zaɓa a ranar. Ka kwana, ka saurara da malaminka. In ɗauka ɗaya tana da rai amma da noti ɗaya da ya zame, wata kuma ba kuskure amma a mace, ta farkon za ka aika. Ka ɗora fayil kwana uku kafin wa'adi, kada ka bari sai daren ƙarshe sabis ya ci amanarka.

Mataki na 6: Gwajin gwaji

Koyon kiɗa daban, kaɗa shi a gaban mutane daban, kuma na biyun ma sai an yi atisayensa. Daga saura mako takwas, ka riƙa shirya gwajin ƙarya sau ɗaya a mako, daga baya sau biyu. Ka sa kayan da za ka sa ranar, har takalmin. Ka jira a waje minti goma ba ka taɓa kayan kiɗa ba. Ka shigo, ka gaisa, ka faɗi sunanka da abin da za ka fara da shi. Ka ba mutum biyu ko uku jerinka, ka ce su katse ka duk inda suka ga dama, su yi ta rubutu, su ɗaure fuska. Ko ba su san kiɗa ba, idonsu kawai ya isa ya tayar maka da abin da kake son ka saba da shi.

Wani lokaci ka hau bene da gudu sau biyu ka zauna ka fara nan take, don ka koyi kaɗawa da numfashi sama-sama da hannu mai rawa. Ka canza piyano, ka canza ɗaki, ka canza lokaci, musamman ƙarfe tara na safe. Ka ɗauki kowane zama a bidiyo. Abin da za ka fi kamawa shi ne gudu: tsoro yana sa mutum ya fara da sauri fiye da yadda ya saba. Maganinsa, kafin ka ɗora hannu ka rera gaɓa biyu na wuri mafi wuya a zuci, ka ɗauki gudunka daga can.

Mataki na 7: Karatun take, kunne da hira

Makarantu da yawa za su ajiye maka takardar da ba ka taɓa gani ba, su ba ka kamar rabin minti ka duba. Minti goma kullum a kan sabon abu mai sauƙi ya wadatar, in an fara da wuri. A rabin mintin nan ka duba alamomin murya da na bugu a farkon layi, ka nemo wuri mafi cunkoso, ka zaɓi gudun da za ka iya wuce shi. In ka fara, kada ka tsaya kuma kada ka koma gyara. Noti ya ɓace ba komai, bugu ne ba a so ya karye.

Gwajin kunne ya ƙunshi maimaita gajeren sauti da baki, tafa bugu, gane tazarar da ke tsakanin noti biyu da irin haɗin sauti. A Jamus akwai rubutacciyar jarrabawar kunne da ta ƙa'idojin kiɗa, kuma wanda kayansa ba piyano ba ne yawanci sai ya ɗan kaɗa piyano. Faɗuwa a nan tana iya hana gurbi ko da babban gwajin ya yi kyau.

Hira gajeriya ce. Me ya sa wannan makarantar, wa kake saurare, me kake son gyarawa a kiɗanka, me ka sani game da wanda ya rubuta abin da ka kaɗa. In ka iya goge ko gurmi ko kalangu, ka faɗa, kada ka ɓoye. Kunnen da ya tashi cikin bugu masu sarƙaƙiya abu ne da malaman kiɗa suke darajawa.

Mataki na 8: Tafiya

Da zarar takardar gayyata ta zo, ka nemi biza. Ta ziyarar Birtaniya ana iya nemanta tun saura wata uku. Dokokin shiga Amurka suna sauyawa ga ƙasashenmu, don haka ka tabbatar da matsayin ƙasarka tun kafin ka biya kuɗin neman makaranta, ka kuma tambayi makarantar ko tana karɓar gwaji ta bidiyo ko kai tsaye ta intanet.

Ka isa saura kwana biyu ko uku. Gwaji yana faɗowa cikin tsananin sanyinsu, ka tanadi safar hannu mai kauri, mawaƙi ya rufe wuya ya yawaita shan ruwa, domin iskar jirgi da ta ɗakuna masu hita tana busar da maƙogwaro. Biyolin ya shiga jirgi a hannunka, kada ya bi kaya. Katakonsa ya fi son laima tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari. Bushewar hunturu a arewa tana iya tsaga shi ko ta kwance maƙalan tsirkiya, don haka ka sa abin riƙe laima a akwatin tun daga gida. Sabuwar tsirkiya a ɗaura ta saura mako biyu, don ta gama miƙewa.

In kana buƙatar mai raka ka da piyano, ka bincika ko makaranta ce ke bayarwa ko kai za ka ɗauka. Ka kai masa takarda mai tsabta, a jere, da alamar wuraren numfashi da inda za ka rage gudu.

Mataki na 9: Ranar gwaji

Kwana biyu na ƙarshe ka rage aiki zuwa rabi, a hankali, ba sabon yatsa, ba sabuwar dabara. Ranar ka ci abin da cikinka ya sani, awa biyu kafin lokaci, ka rage shayi da kofi don suna ƙara rawar hannu. Kada ka gwada wani maganin kwantar da hankali da likita bai rubuta maka ba. Ka isa da awa ɗaya.

Za a ba ka ɗakin ɗumama hannu na ɗan lokaci, sau da yawa minti 15 zuwa 20. Kada ka ƙone ƙarfinka a ciki. Sikel kaɗan a hankali, sai farkon kowane kiɗa, gaɓa huɗu-huɗu. Ta bango za ka ji wani yana zuba gudu kamar ruwan sama. Ba da kai yake ba, kuma ba ka san yadda zai yi a ciki ba.

In ka shiga, ka gaisa ka dubi malaman a ido. Sunkuyar da kai da muke yi don ladabi, a can suna iya ɗaukarsa rashin yarda da kai. Ka daidaita kujera har sai ta yi maka, ko da zai ɗauki rabin minti. Mai biyolin ya karɓi sautin A daga piyanon ɗakin, domin a Turai sukan saita shi sama kaɗan da 440 da ka saba. Ka ja numfashi, ka ji gudun a zuci, sannan ka fara.

In an katse ka bayan minti biyu, ba alamar faɗuwa ba ce. Lokaci ne ke gare su kaɗan, kuma suna son jin sauran. In ka yi kuskure, kada ka yamutsa fuska, kada ka ce a yi haƙuri, ka wuce. In wani malami ya ce ka sake wani wuri a hankali ko da wani salo, ka yi yadda ya ce sosai yadda za a ji bambanci, ko da ba ka yarda da ra'ayinsa ba, domin yana auna ko za ka koyu a hannunsa ne. In ba ka gane abin da ya faɗa ba, ka roƙi ya maimaita.

Kana fita, ka rubuta abin da aka tambaye ka da inda ka yi rauni, tun kafin ka manta, don gwaji na gaba. Sakamakon Birtaniya yakan fara fitowa kafin ƙarshen Disamba ko a Janairu, na Amurka wajen ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu. Tallafin karatu a yawancin makarantun nan daga wannan gwajin ake yanke shi, amma wasu suna da fom na daban mai nasa wa'adin, ka cike shi tare da na neman shiga. In an sa ka a jerin jira, ka rubuta musu ka tabbatar kana so. In ba a ɗauke ka ba, ka tambaya ko suna ba da bayanin malamai a rubuce, wasu suna bayarwa, ka kai wa malaminka ku fitar da jerin baɗi daga ciki.